Baƙo da Banki: Daga Tokyo Zuwa Ushafa



Ranka ya daɗe Hakimi da 'yan majalisarsa, iyayenmu Gbagyi masu gari, malamanmu da limamai da fastoci, shugabannin ƙungiyar matasan da suka shirya wannan zama, iyayenmu mata da suka baro tukwane da kasuwa suka zo, ƙannena samari da 'yan mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Sannunku da haƙurin zama cikin wannan rana.

An ce in yi magana a kan yadda harkar banki da katin cire kuɗi take ga baƙon da ke zaune a Japan. Na san abin da ya jawo wannan tambaya. A watan Agusta na 2025, lokacin taron Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, hukumar JICA ta Japan ta haɗa Najeriya da wani gari mai suna Kisarazu don musayar al'adu. Kafin a ce me, labari ya cika wayoyi cewa Japan ta ba mu gari, har da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta musanta, kuma a watan Satumba aka soke shirin ɗungurungum. Amma sha'awar ba ta mutu ba. Har gobe akwai saurayin da ke lissafin kuɗin jirgi. Japan kuwa ba baƙuwa ba ce a nan Ushafa. Faranten hasken ranan da aka ƙaddamar a matatar ruwa ta dam ɗin Usuma a 2016, da tallafinta aka kafa su.

Zan yi maganar Japan ɗin kamar yadda aka nema. Sai dai ku yi mini izini in juyo da ita gida, domin baƙon da banki ke wahalarwa ba sai an je Tokyo ake ganinsa ba. Yana nan bakin titi yana dafa mana shayi, yana gadin gidajenmu, yana tura kurar ruwa. Magana biyar zan yi.

Na ɗaya: abin da kati yake yi.

A wurinmu, ranar da ka buɗe asusu ka biya kuɗi kaɗan, sai a miƙo maka kati, Verve ko Mastercard ko Visa. Da shi za ka cire kuɗi a na'ura, da shi za ka biya a gidan mai, shi za ka miƙa wa mai POS. Kati ɗaya, aiki duka. Mun saba da haka har muna zaton ko'ina haka ake yi.

A Japan ba haka aka faro ba. Katin da banki ya saba bayarwa tare da asusu na cire tsabar kuɗi ne a na'ura, shi ke nan. Ba ka sayayya da shi a intanet. Akwai wani tsari nasu na cikin gida, J-Debit, da ya ba da damar biya da wannan katin a wasu shaguna tun wajen shekarar 2000, amma bai karɓu sosai ba. Katin da muka sani, mai tambarin Visa wanda ke zare kuɗi daga asusunka nan take, sai a 2006 wani banki mai suna Suruga ya fara fitar da shi, manyan bankunan kuma suka biyo baya shekaru bayan haka. Mutumin Japan in zai biya ba da tsaba ba, katin bashi ya fi ɗauka: ya yi sayayya wata guda, a cire daga asusunsa a wata mai zuwa. To ina baƙo zai sami katin bashi? Kamfani zai duba tarihinsa a ƙasar, ya ga babu komai, ya ce a yi haƙuri. Ga ka da albashi, ga kuɗi a asusu, amma sayen tikiti a intanet ya gagara. Shi ya sa wanda ya san gari yake gaya wa sabon zuwa: tun ranar buɗe asusu ka tambaya ko katin nasu yana da Visa ko JCB a jikinsa, kada ka ɗauka dole ne.

Na'urar cire kuɗin ma tana da lokaci. Da yawa daga na bankuna suna rufewa da dare, kuma cirewa da yamma ko a ƙarshen mako na iya jawo caji ko da bankinka ne. Katin da ka taho da shi daga waje kuwa ba kowace na'ura ke karɓa ba; waɗanda aka fi dogara da su su ne na Seven Bank da ke cikin shagunan 7-Eleven da na gidan waya. Ku tuna kuma bankunanmu sun dakatar da amfani da katin naira a waje tun wajen 2022, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Wanda ya sauka filin jirgin Narita da katin naira kaɗai a aljihu ya yi ganganci.

Na biyu: ƙofar shiga.

A nan ne Japan take da tsauri. Tun watan Yuli na 2012, duk baƙon da zai zauna fiye da wata uku ana ba shi katin zama mai hotonsa da irin bizarsa da ranar ƙarewarta. Cikin kwana 14 da samun ɗaki dole ya je ofishin ƙaramar hukuma a rubuta adireshinsa a bayan katin. Ba wannan kati, ba banki. Ko da katin ma, dokar musayar kuɗinsu tana ɗaukar wanda bai cika wata shida ba a matsayin wanda bai zauna ba tukuna, sai in yana aiki a wani ofishi a ƙasar. Saboda haka bankuna da yawa za su ce masa ya dawo bayan wata shida. Ɗalibai sukan fake a bankin gidan waya, Yucho, wanda ya fi sauƙin karɓar sabon zuwa.

Sai hatimi. Mutanen Japan sun daɗe suna buga ɗan hatimin sunansu da jan tawada a inda mu muke sa hannu. Yanzu an sassauta, bankuna da dama suna karɓar sa hannun baƙo, amma har yanzu akwai reshen da zai nema. Sai suna. Dole a rubuta sunanka da haruffansu na katakana, na boko kuma ya dace da na katin zama harafi da harafi. Wanda fasfonsa ke ɗauke da suna uku ko huɗu, irin namu, yakan tarar gurbin bai ishe shi ba, ko kamfanin waya ya rubuta iri ɗaya banki ya rubuta wani iri, sai biyan kuɗin wata ya ƙi wucewa. Bayan duk wannan ba a miƙa maka kati a hannu kamar nan. Ta gidan waya za a aiko shi, bayan mako ɗaya ko biyu, zuwa adireshin da ka rubuta. In ba ka can, ya koma banki. Kun ga dabarar? Wasiƙar ce ke tabbatar musu kana inda ka ce kana.

Wani zai ce wannan ai ƙyamar baƙi ce. Ban ce babu ita ba. Amma ku lura da abu ɗaya: duk wahalar nan tana da ƙarshe. Baƙon yana da takarda, an san ranar da zai cika wata shida, kuma in ya cika, asusun da sunansa zai fito. A ƙarshen 2024 baƙin da ke zaune a Japan sun haura miliyan 3.7, kuma mai aiki a cikinsu ta banki ake biyansa albashi, da sunansa.

Na uku, kuma a nan zan daɗe: baƙon da ke cikinmu.

Mu bankinmu yana da sauri. Tun 2011 muke da taransifa ta nan take, dare da rana. Japan sai a watan Oktoba na 2018 ta buɗe nata tsarin ya zama ba dare ba rana. A yau yaro yana zaune a kan dutse zai buɗe OPay ko Moniepoint ko PalmPay a waya kafin shayinsa ya huce. Amma me ake tambayarsa? Lamba. BVN, wadda Babban Banki ya kawo a watan Fabrairu na 2014, ko NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa. A da akwai ƙaramin asusu na matakin farko da ake buɗewa da suna da hoto da lambar waya kawai, wanda ba ya ɗaukar fiye da naira dubu 300. A watan Disamba na 2023 Babban Banki ya ce shi ma sai da BVN ko NIN. A watan Afrilu na 2024 har dakatar da waɗannan kamfanonin waya aka yi daga ɗaukar sabbin mutane na ɗan lokaci, a kan batun sanin waye mai asusu.

To mu ɗauki ɗan ci-rani daga Maraɗi ko Tawa ko Damagaram. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shigowa ba biza, ya zauna kwana 90. In zai wuce haka, sai ya nemi katin zama a Hukumar Shige da Fice. Dokar 2007 da ta kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta yarda baƙon da ya zauna bisa ƙa'ida shekara biyu ko fiye ya yi rajista. Wato a takarda ƙofa a buɗe take. Amma ku gaya mini gaskiya, a cikin masu shayi da masu gadi da masu ga-ruwan da kuka sani daga nan zuwa Dutse Alhaji da Bwari, nawa ne suka shigo ta Jibiya ko Illela aka buga musu hatimi a fasfo? Nawa ne ma suke da fasfon? Mutum ya taso yana tsallaka iyaka kamar yadda kakansa ya yi, gonarsu rabi can rabi nan, bai taɓa jin ya bar gida ba. Ga Hausa a bakinsa, ba wanda zai kalle shi ya ce baƙo ne, sai ranar da ya tsaya gaban teburin banki.

Ma'aikacin kamfanin gine-gine da ya zo daga Sin ko Turkiyya ba shi da wannan matsala. Kamfani ya nema masa katin zama na CERPAC, an biya da dala, manajan banki da kansa zai kai masa fom ofis. Baƙon da ya fi kusa da mu a jini da harshe shi ne ya fi nisa da banki. Al'amarin ya ƙara rikicewa tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta takardunsu da zirga-zirgarsu har sai an sanar da wani abu, amma zama a kan "har sai an sanar" ba zama ba ne mai daɗi.

Wanda ma ya yi ƙoƙari ya kawo takarda, matsalar suna ta Tokyo tana jiransa a nan. Katinsa na Nijar da rubutun Faransanci yake: Ousmane, Aboubacar, Mahamadou. Wanda ya yi masa rajistar layin waya ya rubuta Usman. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne. Wasu tsofaffin takardun can ba su da rana ko wata, sai dai a ce an haife shi wajen shekara kaza. Kada mu yi musu dariya. Mu nawa ne a zauren nan aka rubuta wa 1 ga Janairu? Mu nawa ne BVN ke cewa abu ɗaya NIN na cewa wani, har aka kai mu ga rantsuwa a kotu? Adireshi kuma fa? A Japan kowane gida da lambarsa. A nan sai ka ce bayan makarantar firamare, kusa da taransifoma, takardar wuta kuma da sunan mai gida take, ɗaki goma mita ɗaya.

Me baƙo zai yi? Hanya uku ya saba bi. Ko ya ɗinke kuɗinsa a cikin filo, ko ya ba mai shago amana, ko ya ari asusun wani. Akwai ta huɗu da ba a faɗa da ƙarfi: ya je a yi masa takardar shaidar ƙaramar hukumar da ba tasa ba, ya zama ɗan Najeriya a takarda. Wannan laifi ne, kuma ranar da ta tashi tonuwa ba ta yi wa kowa daɗi, har da wanda ya tsaya masa.

Na huɗu: tsabar kuɗi.

Japan ƙasa ce mai son tsaba. Sai a 2024 biyan da ba na tsaba ba ya haura kashi 40 cikin ɗari na sayayyar jama'a. Akwai gidan abinci da ƙaramin asibiti da ba su karɓar komai sai takarda da kwabo. Tsofaffi suna ajiye kuɗi a gida, don ɓarawo kaɗan ne, banki kuma ba ya ba da wani abin kirki. Daga 2016 zuwa Maris na 2024 ruwan babban bankinsu ƙasa da sifiri yake. Mai gudun riba da ya je can a lokacin kusan ba shi da abin gudu, mu kuwa sai da aka buɗe Jaiz a 2012 wasu iyayenmu suka yarda suka taka banki. Wannan son tsaba shi ke rufa wa sabon baƙo asiri a wata shidan farko. Da tsaba zai biya kuɗin wuta da ruwa a shagon unguwa, da tsaba zai loda katin jirgin ƙasa irin su Suica, wanda ba ya buƙatar asusu.

Ga wani abu da nake so ku auna. A ranar 3 ga Yuli, 2024 Japan ta fitar da sabbin takardun kuɗi, na yen dubu goma da hoton Shibusawa Eiichi, wanda ya kafa bankinsu na zamani na farko a 1873. Tsofaffin takardun ba a kashe su ba, suna tafiya tare da sabbi. Mu kuwa kun tuna. An fitar da sabbin 200 da 500 da 1000 a watan Disamba na 2022, aka ce ƙarshen Janairu tsofaffi sun mutu, aka ƙara kwana goma, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris, 2023. Mun kwana a layin ATM, mun sayi naira da naira. Babbar hanyar tsira a lokacin ita ce ka zuba tsohon kuɗinka a asusu. Wanda ba shi da asusu fa? Wanda ma bai sami hanyar buɗewa a cikin mako shida ba fa? Guminsa na shekara yana cikin filo. A wannan lokacin ne aron asusu ya zama ruwan dare, mai shayi ya manna lambar wani a jikin teburinsa domin masu saye ba su da tsaba. Da yawa har yau lambar tana nan manne.

Na biyar: aron asusu da komawa gida.

A Japan ba da asusunka ko katinka ga wani laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Dalilinsu a fili yake. 'Yan damfara masu kiran tsofaffi a waya suna cewa ɗansu ne ya shiga matsala, da asusun da suka saya suke karɓar kuɗin, kuma wani ɓangare na asusun nan daga hannun baƙi masu shirin komawa gida ake sayensu. Saboda haka banki yana bibiyar ranar ƙarewar katin zamanka. In ka sabunta ba ka kai musu ba, za su iya tsayar da asusun. In za ka bar ƙasar, ana so ka rufe shi. Aika kuɗi gida kuma sai ka ba da lambarka ta My Number mai lamba 12, ka faɗi wa za ka aika wa da dalili. Ɗan Najeriya ya sha ƙarin tambayoyi a 'yan shekarun nan, domin ƙasarmu ta kasance cikin jerin waɗanda hukumar FATF mai yaƙi da halasta kuɗin haram ke sa wa ido daga Fabrairu na 2023 zuwa Oktoba na 2025.

Mu a nan muna ɗaukar aron asusu a matsayin zumunci. Ƙannena, ku saurare ni da kyau. Duk kuɗin da ya shiga asusunka, a idon banki da 'yan sanda da EFCC naka ne, kai za a tambaya. Mu mutanen yankin Bwari ba sai an ba mu labarin garkuwa da mutanen da aka yi a farkon 2024 ba. In kuɗin fansa ko na damfara ya bi ta asusu, sunan da ke jikin BVN shi ake fara nema. Wanda ya ba ka dubu biyu ya ce ka ba shi NIN ɗinka ya buɗe asusu, ya sayi sunanka ne da araha.

Shi ma mai aron yana cikin haɗari, ko da wanda ya ara masa mutumin kirki ne. In mai asusu ya rasu, banki bai san wani mai shayi ba. Magada ya sani, su ma sai sun kawo takardar kotu. In an tsayar da asusun saboda laifin wani, kuɗin mai shayi ya tsaya tare. Malamai suna nan, sun fi ni sanin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In dole ta sa ka riƙe wa baƙo kuɗi, a sami littafi, a rubuta shiga da fita, mutum biyu su sani, iyalinka ma su sani.

Aika kuɗi Nijar kuwa, naira ba ta tsallakawa ta taransifa irin tamu. Sai a bi ta 'yan canji, a Zone 4 ta Abuja ko Wapa ta Kano ko bakin iyaka, a mai da ita sefa, can kuma a karɓa ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza, ko a ba direba ya kai. Amana ce ke riƙe da wannan hanya tun zamanin fatake, kuma ta yi aiki ko a lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli na 2023. Amma in ta karye ba takardar da za ka kai ƙara da ita.

Ranka ya daɗe, ga roƙona ga fada da shugabannin 'yan Nijar mazauna nan da sarkin Hausawa. A san su waye ke zaune, a taimaka wa mai niyyar zama ya nemi katin ofishin jakadancinsa da katin zama ta hanyar da doka ta tanada, a gayyato jami'an Shige da Fice da na katin ɗan ƙasa su zo su yi bayani da Hausa da Gbagyi a wannan zauren. Ga mai shirin tafiya Japan kuma, ya tanadi tsabar da za ta riƙe shi watannin farko, ya tabbatar sunansa iri ɗaya ne a fasfo da takardar makaranta da ta aiki, kuma kada ya bar katinsa na nan a hannun aboki.

 Na ga masu POS a can baya suna ta girgiza kai tun ina magana ta huɗu, don haka da su za mu fara. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.